Daga Randunan Sao Zuwa Ƙoƙon Kan Tumai

Ƙasar da ke tsakanin kogin Shari da na Logon shimfiɗaɗɗiya ce, baƙar laka mai tsattsagewa da rani, ta koma fadama da damina. A irin wannan ƙasa, duk inda ka hango tudu ya taso, da wuya a ce haka Allah ya halicce shi. Hannun mutane ne ya tara shi. Gari ya zauna, ɗakuna sun rushe, an sake gini a kansu, juji ya hau kan juji har ƙarnoni suka shuɗe. Tun daga bakin Tafkin Chadi zuwa kewayen Njamena, inda unguwar Tukra da harabar jami'arta suke a yau, da tsallaken ruwa wajen Kusuri da Gulfe da Makari, har zuwa ƙasar Ngala a Borno, haka tuddan nan suke a warwatse. Kuma tun kafin a ji ɗuriyar wani ilimi na tono kayan tarihi, mutanen wurin sun san abin da ke cikinsu.

Manomi ne ya fara sani, da mai haƙa rijiya, da mai ɗiban ƙasar gini. Su ne fartanyarsu ke karo da randa mai girman da mutum zai shiga ciki ya zauna, an kife ta da wata randar baki da baki, a ciki ga ƙasusuwan mutum a dunƙule, wani lokaci da munduwar tagulla da duwatsun wuya. Su ne ke tsintar ƙananan mutum-mutumi na yumɓu masu kauri a leɓe. Da aka tambayi dattawan Kotoko, mutanen yankin, ko na wane ne, amsa ɗaya ce: na Sao ne. Sao kuwa a bakinsu ƙattai ne, masu saɓa giwa a kafaɗa, masu tare kogi da tafin hannu. Mu Hausawa wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, domin haka aka ba mu labarin Barbushe da giwayensa a gindin Dala, kuma har gobe idan yaro ya tsinci gogaggen dutse mai baki a gona, sunansa gatarin aradu. Kowace al'umma ta tarar da kufai a gabanta, sai ta nema masa bayani da abin da ke hannunta.

Ba labarin baka ne kaɗai ba. A ƙarni na 16 Imam Ahmad bin Furtuwa, limamin Mai Idris Alauma, ya rubuta yaƙe-yaƙen ubangidansa da Sao Gafata da Sao Tatala, da yadda aka sassare musu itatuwan da suke fakewa a ciki, aka lalata musu amfanin gona har suka miƙa wuya. Jerin sarakunan Kanem ma ya ambaci sarakuna huɗu a jere da suka mutu a yaƙi da Sao a ƙarni na 14. Ashe dai tarihi yana da masu shi tun da can: malami da alƙalaminsa, maroƙi da kirarinsa, tsoho da abin da ya ji daga kakansa. Babu wanda ya taɓa neman takardar shaida a wurinsu.

Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusuri tsakanin Rabe da Faransawa, Rabe ya faɗi, kwamandan Faransa Lamy ma ya faɗi. A shekarar aka kafa sansanin Fort-Lamy a ɗaya gaɓar, wanda ya zama Njamena a 1973. Abin da ake yawan mantawa shi ne, Turawan farko da suka sa hannu a kufanmu su kansu 'yan sha'awa ne. Sojoji ne, da joji-joji, da likitoci, da injiniyoyin ma'adinai, masu cike lokacin hutunsu da tone-tone. A 1907 Richmond Palmer, jami'in mulkin mallaka a Katsina, ya sa aka tona manyan tuddan Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Bayanin da ya bari kan abin da ya gani kaɗan ne ƙwarai. Shi ne kuma ya fassara tarihin sarakunan Kano zuwa Ingilishi a 1908, ya cika littattafansa na baya da ƙoƙarin jingina asalin kowace masarauta da gabas ko da wasu fararen baƙi daga arewa. Mu riƙe wannan a zuciya, za mu sake cin karo da shi.

A tsaunukan Jos ma haka abin ya faro. A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu, aka ajiye shi ba tare da an san darajarsa ba. Wajen 1943 wani ma'aikacin ma'adinai a yankin Jama'a ya sami wani kan, ya kai gida ya kafa shi a gonar doyarsa don korar tsuntsaye da birai, har shekara ta zagayo. Daga nan ne ya isa hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulki da ya karanta fannin tono kayan tarihi a Cambridge, ya lura da kamarsa da na farko. Fagg ya yi abin da ya kamata a yaba masa: ya bi filayen kuza yana roƙon leburori su riƙa kawo abin da suka gani maimakon su farfasa. Da abin da suka kawo aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Sunan Fagg ya shiga kowane littafi. Leburorin kuwa, da mai gonar doya, littattafan ba su damu da sunayensu ba.

A ɓangaren Faransa, juyin ya zo ne a 1936, lokacin da Marcel Griaule ya jagoranci ayarin bincike zuwa yankin, tare da wani saurayi mai suna Jean-Paul Lebeuf. Lebeuf ya maƙale wa Sao har ƙarshen rayuwarsa. Shi da matarsa Annie Masson-Detourbet sun tona wurare irin su Midige da Tago, suka fitar da littafi kan wayewar yankin Chadi a 1950, sannan daga 1960 zuwa 1968 aka yi babban aikin tudun Mdaga, arewa da Fort-Lamy, wanda ya nuna an zauna a wurin tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa kusan jiya-jiya. A 1969 ya wallafa taswirar kufan bakin tafki, mai ɗauke da ɗaruruwan wurare. Aiki ne babba, ba mai musu. Sai dai mu tambayi kanmu: ta yaya baƙo daga Paris ya san inda ɗaruruwan tuddai suke a cikin fadama? Dattawan Kotoko ne suka nuna masa, masu kwalekwale suka kai shi, samarin ƙauye suka riƙe cebur. Kaya masu yawa suka tafi gidan tarihi na Musée de l'Homme a Paris, wasu kuma suka zauna a gidan tarihi na ƙasa da aka kafa a Fort-Lamy a 1962. Littattafan duk da Faransanci aka rubuta su. Jikan dattijon da ya nuna tudun, ko da ya yi karatun allo ya sauke, ba shi da hanyar sanin me aka ce game da kakanninsa.

Daga nan ne, a ganinmu, ƙorafin ya samo tushe. Mun sha jin sa a bakin mutane da kalmomi kusan iri ɗaya, ko a Njamena ko a Katsina: sun zo sun kwashe, ba su dawo sun gaya mana komai ba.

Shekarun samun 'yancin kai sun zo da wani sauyi da ya ƙara faɗin ramin, kuma wannan karon ba mugunta ce ta jawo shi ba, ci gaban ilimin ne kansa. An gano hanyar auna shekarun gawayi da ƙashi ta gwajin kabon a ƙarshen shekarun 1940, sai darajar abu ta koma kan inda aka same shi. Mu ɗauki tudun Daima a Borno, wanda Graham Connah ya tona a 1965 da 1966. Tsayinsa ya kai kusan mita 11. Connah ya yanka shi tun daga sama har ƙasa, yana bin shimfiɗa bayan shimfiɗa. A can ƙasa, mutane masu kayan aiki na dutse da ƙashi, masu kiwon shanu da kamun kifi. A tsakiya ƙarfe ya bayyana. A sama ga tagulla da duwatsun ado da suka zo daga nesa, ga dawa da aka noma. Tsingaro ɗaya da aka ciro daga mita tara, kusa da gawayin murhu, yana iya ba da shekara. Wannan tsingaron dai, idan an tsince shi a gefen hanya an zuba a aljihu, ya zama fasasshiyar tukunya kawai.

To ka ga malamin makaranta mai ritaya, wanda ya shafe shekaru yana zaga kufai a kan keke, ya tara tsingaro da kashin ƙarfe da duwatsun niƙa a cikin kwali, kowanne ya naɗe shi a tsohuwar jarida. Ya yi wanka ya sa babbar riga ya kai wa masana. Tambayar farko da za a yi masa ita ce, a ina ka samo, a zurfin nawa, me ke kusa da shi? Ta biyu kuwa, wa ya ba ka izini? Domin tun 1953 Nijeriya ta yi dokar kayan tarihi, ta ƙarfafa ta a 1979 da kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, Chadi ma ta yi tata tun 1960. Tambayoyin suna kan hanya. Amma mutumin da ya zo yana jiran a ce masa sannu da aiki, sai ya koma gida da jin an mayar da shi ɓarawo ko jahili. Da wuya ya sake dawowa, kuma abin da ya sani game da wuraren, wanda babu shi a kowace taswira, ya tafi da shi.

Sai kuma rikicin asali, wanda ya fi kowanne zafi. Connah da waɗanda suka biyo bayansa, irin su Augustin Holl da ya yi aiki a Huluf ta ɓangaren Kamaru, sun nuna cewa sunan Sao ya rufe al'ummomi daban-daban da zamuna masu nisa da juna, kuma ƙasusuwan da ke cikin randunan na mutane ne masu tsayi irin namu. A Zariya, Abdullahi Smith ya rubuta maƙalarsa ta 1970 kan kafuwar daulolin ƙasar Hausa, inda ya ce a daina neman mafarin sarauta a zuwan wani baƙo ɗaya, a duba yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni a gindin duwatsu irin su Dala da Kufena. Yusufu Bala Usman ya ɗora a kai da nasa aikin kan Katsina. Mai binciken sa-kai kuwa ya taso ne da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da abin da ya ji a fada. Waɗannan da Hausa aka rubuta su, sun shiga gidaje. Amsar jami'a ta tsaya a mujallun Ingilishi. Don haka da ya ji an ce ba a sami shaidar zuwan kakanni daga Bagadaza ko Yaman a ƙarƙashin ƙasa ba, sai ya ɗauka Turawa ne ke son raba shi da tarihinsa. Abin dariyar, idan akwai dariya a ciki, shi ne irin su Palmer ne suka fi kowa ƙarfafa zancen zuwa daga gabas, don ya dace da ra'ayinsu cewa baƙar fata ba ya gina birni sai an koya masa. Masu tono na baya su ne suka zo da hujjar cewa kakanninmu a nan suka ƙera ƙarfensu, a nan suka gina ganuwarsu. A wannan gaɓa dai masana ne ke da gaskiya, ko da yake ba su iya faɗinta da harshen da za a ji ba.

Chadi ta kafa jami'arta a 1971, amma kafin ta tsaya da ƙafafunta yaƙi ya ci Njamena a 1979 da 1980. Mutane suka tsallaka Kusuri gudun hijira, gidan tarihi ya yi asarar kaya, bincike ya tsaya cak. A daidai wannan zamani kasuwar kayan tarihi ta buɗe baki a Turai. A Nijar, an gano maƙabartar Bura a 1975, Boubé Gado ya tona ta bisa ƙa'ida a 1983, amma bayan an baje kolin kayan kwarin Neja a Paris a 1993, sai dillalai suka yi wa yankin dirar mikiya. A ƙasar Nok, tsakiyar shekarun 1990, ƙauyuka guda suka ajiye noma suka koma haƙa. Gumakan yumɓu da ake kira na Sakkwato da na Katsina kusan duk abin da duniya ta sani game da su daga kantunan 'yan kasuwa ya fito, ba daga ramin masani ba. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, Nok da Sakkwato da Katsina da Bura da Sao duk suna ciki. A shekarar ce kuma aka ga gumakan Nok a baje a Louvre. Tun daga lokacin masana suka ƙara ƙanƙame bayanansu, suna ɓoye ainihin inda kufai suke. Dalilinsu a fili yake. Sai dai wanda ya sha dukan shi ne mai sha'awa na gaskiya, wanda bai taɓa sayar da ko tsingaro ba, aka haɗa shi a kwando ɗaya da mai haƙa don dillali.

Duk da haka ƙasa ba ta daina zaɓen talaka ta nuna masa sirrinta ba. A 1987 wani Bafulatani makiyayi, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya a Dufuna cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace mai tauri a zurfin kusan mita 5. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, ya kai rahoto ga mai gari. A 1994 Peter Breunig na Frankfurt da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka tono shi: kwalekwale ne mai tsawon mita 8 da ɗoriya, mai shekaru kusan 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Wannan karon an rubuta sunan mai rijiyar, kuma wannan ci gaba ne. Amma kwalekwalen ya yi shekaru masu yawa a ajiye a Damaturu, mutanen da suka ji labarinsa a rediyo ba su sami ganinsa ba.

Labarin da ya fi shafar Chadi kanta shi ne na Tumai, ko da yake wannan fannin ƙasusuwan da suka zama dutse ne, ba na kufai ba. Tun 1961 ayarin Yves Coppens ya sami wani ƙoƙon kai a arewacin ƙasar, a 1995 kuma ayarin Michel Brunet na Poitiers ya sami muƙamuƙin da aka sa wa suna Abel a Koro Toro. Ranar 19 ga Yuli 2001, a Toros-Menalla cikin hamadar Jurab, mutum huɗu ne a wurin: Ahounta Djimdoumalbaye, da Fanoné Gongdibé, da Mahamat Adoum, da Bafaranshe masanin labarin ƙasa Alain Beauvilain. Ahounta ne ya hango ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai a cikin rairayi. Brunet yana Faransa a ranar. Da mujallar Nature ta buga sakamakon a Yuli 2002, da shekaru kusan miliyan 7, sunan Ahounta yana cikin dogon jerin marubutan, wannan gaskiya ne. Amma a jaridun duniya Brunet ne ya gano Tumai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu magana, kuma haka da yawa a Chadi suka ɗauki abin, ko da yake shirya ayari da nemo kuɗi da nazarin ƙashin ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya biyo baya ya nuna ƙofar ba a fuskar na waje kaɗai ake rufe ta ba. A 2004 wata ɗaliba a Poitiers, Aude Bergeret, ta lura cewa wani dogon ƙashi da aka kwaso daga wurin ƙashin cinya ne na wani dangin birai ko mutane, wanda zai iya nuna ko Tumai ya yi tafiya da ƙafa biyu. Shekaru suka yi ta wucewa ba a wallafa komai a kansa ba. A 2018 ita da Roberto Macchiarelli suka nemi gabatar da bayani a wani taron masana a Faransa, aka ƙi. Sai a 2020 nasu nazarin ya fito, na ayarin Poitiers da abokan aikinsu na Chadi kuma a 2022, kowane da matsayarsa. Idan mai digiri a cikin gida ya jira shekara goma sha shida, ina ga mai kwalin tsingaro?

Ba duk labarin ne baƙi ba. Lokacin shimfiɗa bututun mai daga Kome zuwa Kribi, mai tsawon kilomita 1,070, an sa masana su riƙa bin gaban injinan haƙa, cikinsu har da Tchago Bouimon na Jami'ar Njamena, aka rubuta wurare sama da 400 a ƙasashen biyu. A Gawi, 'yar tafiya kaɗan daga birni, tsohuwar fadar sarkin Kotoko ta zama gidan tarihi, kayan Sao suna zaune a tsakiyar mutanen da ke kiran kansu jikokinsu, mata kuma suna ci gaba da ginin randuna a ƙofar gida. Kayan Durɓi ta Kusheyi da aka sake tonowa a 1992 an kai su Mainz a Jamus an gyara, an kuma rubuta littafi a kansu. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Chadi ma sunanta Sao. Ɗaliban tarihi da ke tsallaka gadar Shagwa kowace safiya zuwa Tukra 'ya'yan ƙasa ne, malamansu ma haka, abin da babu shi a zamanin Lebeuf.

Sai dai tsohon rabon aikin bai canja sosai ba. Gwajin kabon a waje ake yin sa, kuɗin tono daga waje yake zuwa, sakamakon kuma da Faransanci ko Ingilishi ko Jamusanci yake fita, a littattafan da kuɗin ɗaya ya isa cefanen wata. Da aka fara baje kolin sabbin kayan Nok a Frankfurt a 2013, masanan Nijeriya kansu sun yi ƙorafin me ya sa ba a gida aka fara ba. Shi kuwa mai binciken sa-kai yanzu yana da waya mai ɗaukar hoto da masu sauraro dubbai, yana ba da nasa tarihin da Hausa ko Larabcin Chadi, daidai da kuskure a cakuɗe, ba mai gyara masa domin masu iya gyaran ba sa magana a inda yake magana. A gefe guda Njamena tana ta faɗaɗa ta kowace kusurwa, masu buga jan bulo suna cin gaɓar kogi, ana yanka filaye a kan tuddai. Yawancin randunan da za su fito a bana, magina da masu haƙa masai ne za su fara ganinsu, kuma babu wata lamba da aka ba su su kira.